Jan Majanyin Ulu

Kwana huɗu da sallamo 'yata Senada daga asibiti, malamar jinya Dragica ta zo duba jaririyar, jikata Lamija. Ta kwantar da Lamija a kan teburin cin abinci, ta ninka ƙunzugu biyu ta sa mata tsakanin cinyoyi, har ƙafafun suka buɗe kamar na kwaɗo.

"Haka za ku bar ta," in ji ta. "Kada a miƙar da ƙafafun, kada a ɗaure su. Nana Zumra, da ke nake."

"Ni kuma? Huɗu na raina tun ba a haife ki ba."

"Ai shi ya sa nake da ke." Ta shanye gahawarta, ta ɗauki jaka ta fita.

Raina ya ɓaci. A ƙauyenmu na can saman garin Travnik babu macen da ba ta san ana naɗe jariri tun daga kafaɗa har idon sawu ba, a haɗe ƙafafun a miƙe, don kada ya tashi da ƙafar baka. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ina da jan majanyin ulu da mahaifiyata ta saƙa da hannunta, da shi na naɗe 'ya'yana duka, ga shi a ƙasan akwati ko asu bai taɓa shi ba.

Da aka yi arba'in aka kai Lamija hoton ƙugu. Likita ta ce na hagu bai gama ƙwari ba, a ci gaba da ƙunzugu biyu, a dawo bayan wata biyu. A makon ne Senada ta koma taya mijinta aiki a gidan burodi da safe, ta bar mini yarinya. Tana fita sai in ciro majanyin. In naɗe ta tsaf, in ja da kyau, ta yi barcinta shiru, ni kuwa in zauna ina jin daɗin kaina. Kafin azahar nake kwancewa. Ba na ma bukatar agogo, domin na san takun Senada tun daga bakin titi: ɗaya da nauyi, ɗaya a jaye.

Tun tana ƙarama take ɗingishi. Na sha faɗa mata gadon dangin ubanta ne, suna da wata gwaggo mai irin tafiyar. Yara sun yi mata waƙa a makaranta. Ranar bikinta mutane suka kama hannu suna zagaya fili da rawa, ita tana zaune tana tafi.

Ranar komawa asibiti na bi ta. Likitar ta daɗe tana kallon na'ura, ta goga nan ta goga can.

"Ya kamata ya gyaru, sai ga shi ya ƙaru," ta ce. "Kan ƙashin cinyar yana zamewa daga gurbinsa. Ana ɗaure ta a gida?"

"Ko sau ɗaya," in ji Senada. "Mamata ce ke riƙe ta, kuma a gabanta aka yi bayani."

Na ƙura wa takalmina ido.

Likitar ta ce Senada ta taka zuwa ƙofa ta dawo. Ta kalli tafiyar, ta gyaɗa kai. Ta ce akan gaji raunin ƙugu, amma sau da yawa yakan warke da kansa in an bar ƙafa a sake, ɗauri ne ke fitar da shi. Aka sa wa Lamija wata ɗamara mai igiyoyi da za ta riƙe ƙafafun a buɗe wata uku. In bai koma ba, sai aiki.

A mota Senada ta rungume yarinyar tana hawaye. "Ni na ba ta, Mama. Duk abin da aka ce na yi, amma jinina ya fi ƙarfi. Da na sani ban haihu ba."

Maganar nan ta soke ni. Da na yi shiru da shike nan, babu mai sani sai Allah, ita kuma ta ɗauki laifina ta goya har ƙarshen rayuwarta. Muka iso gida. Na dafa miya, na ƙona ta. Sai na shiga ɗaki na ciro majanyin, na ajiye shi a kan teburin da Dragica ta kwantar da Lamija.

"Ba jininki ba ne kaɗai," na ce. "Kullum kika fita ina naɗe ta. Tun ranar farko."

Na zaci za ta yi ihu, wallahi da ta yi da na fi samun sauƙi. Ta ɗauki majanyin, ta warware shi a hankali, ta shafa inda ulun ya sulɓe saboda ja.

"Wata biyu, Mama?"

"Wata biyu."

"Ni fa?" Ba ta ɗago ba. "Wata nawa kika yi kina naɗe ni?"

Na so in ambaci gwaggon ubanta, bakina ya ƙi.

"Tara," na ce. "Ke kin fi sauran motsi, sai nake ƙara ja."

Ta ninke majanyin ta miƙo mini. Lamija ta farka tana kuka a ɗaki. Na yunƙura zan tashi kamar kullum, Senada ta ɗaga mini hannu.

"Zauna, Mama."

Na zauna da majanyin a cinya, ina sauraron takunta har ta kai bakin gadon, ɗaya da nauyi, ɗaya a jaye.