Ranar da Tashar Arewa ta Ɓace

Darlene Hrytsak ce ke kula da layukan sadarwa na wani kamfanin bututun gas a birnin Regina na ƙasar Kanada. A ƙa'ida, da layi ya tashi, na'urar kowace tasha takan tambayi ta hedikwata adireshinta da kanta, wato lambar da ake samunta da ita a layi. Ta tashar arewa ce kawai mai nawa. Shi ya sa wata rana bayan abincin rana Darlene ta ce bari ta rubuta mata adireshin da hannu, kowa ya huta.

Daga ofishinta ta shiga na'urar ta cikin layin, ta buga, ta danna. Allon ya tsaya cik.

Sai a lokacin ta ga ta rubuta lambar a juye. Na'urar da aka rubuta wa adireshi ba ta ƙara tambayar kowa, ga shi wanda ta ba ta ba na kowa ba ne.

Gord Thiessen, shugaban ɗakin sa ido kan tashoshi, ya banko ƙofa.

"Darlene, arewa ta ɓace mana! Ba ma ganin ƙarfin gas, ba ma ganin komai. Me kika taɓa?"

A waje dusar ƙanƙara ta rufe hanyoyi, kuma da wannan bututun garuruwan can suke ɗumama gidajensu. In wani abu ya fashe yanzu, ba mai sani.

Ta rarumi waya ta kira tashar. Ta yi ta ringi, ba a ɗauka ba. Gord na tsaye a kanta yana huci. Ta sake kira.

"Wa ke neman kashe mini kunne?" Muryar Rémi Desjarlais ce, mai kula da injinan tashar, yana haki da shebur ɗin kwashe ƙanƙara a hannu.

"Rémi, ni ce. Ka ga akwatin nan mai ruwan toka a bayan ƙofa? Zare wayar wutarsa ka mayar."

"Wanda kika ce in na taɓa za ki yanke mini hannu?"

"Shi. Don Allah yi sauri."

"Ke 'yar birni, in ya tashi da ni fa?"

"Ba zai tashi ba!"

Akwatin shi ne na'urar. Ba ta adana abin da ta rubuta ba, don haka in na'urar ta farka za ta koma yadda take. Haka dai take zato. Ta kasa tuna ko yatsunta sun riga ta adanawa.

Tana jin iska na kuka ta cikin wayar.

"Fitila ta yi kore," in ji Rémi.

Can daga ɗakin sa ido wani ya ɗaga murya: "Ta dawo! Lafiya lau!"

Gord ya fice. Gyaran adireshin kuwa sai da ƙanƙara ta narke Darlene ta tuƙa mota har tashar, ta yi shi tana zaune a gaban akwatin, Rémi na gefe yana tsokanarta.