Yatsa Biyu Tsakanin Zare da Fata

Shekara ashirin da biyu Mama Tela ta yi tana ɗinka wa ƙungiyar wasan kwaikwayon nan kaya, amma ƙafarta ba ta taɓa taka dandamali da mutane a zaune ba. Ita ce mai gyara wa ɗan wasa kwala, ta tura shi gaban jama'a tana cewa, "Je ka, ba cinye ka za su yi ba." Amma in aka ce ta leƙa ta gaida 'yan kallo, sai ta noƙe. 'Yan ƙungiya kan tsokane ta da cewa wanzami ba ya son jarfa. Wurinta shi ne bayan labule ta hagu, kan wata kujerar roba mai karyayyen hannu, almakashi rataye a wuyanta da igiya, allura uku soke a bakin mayafinta.

Wasan bana tsoho ne tukuf, an rubuta shi tun kafin a haifi kakannin kakanninmu. Labarin wata yarinya ne da ta sa kayan maza ta shiga aikin jirgin ruwa a madadin ubanta da ya makance. 'Yar mai jirgin ta mutu a kan son wannan kyakkyawan saurayi, har aka sa ranar aure, shi kuwa saurayin da ya rasa mafita sai ya yi mutuwar ƙarya. Darakta ya ce maganganun wasan sun yi wa matasa nauyi, don haka ya cusa masa waƙoƙin zamani, irin waɗanda ake ji a motar haya da shagon aski. Duk waƙar da yarinyar za ta yi a matsayin namiji, muryar namiji ce ke fita daga lasifika, ita kuma tana motsa baki. A wurin mutuwar ƙaryar ya sa wata waƙa ta mutum biyu mai tsawon minti shida. Namiji ne ke farawa, in muryar mace ta shigo, gawa ta tashi ta cire hula ta faɗi gaskiya.

Wadda aka ba matsayin yarinyar ita ce Auta, 'yar Mama Tela ta ƙarshe, mai shekara goma sha tara da taurin kai irin na ubanta.

Aikin Mama Tela ne ta mayar da ita namiji. Kullum takan naɗe mata ƙirji da dogon farin ƙyalle, ta ƙulle a baya, sannan a ɗora riga. A gwajin ƙarshe ƙullin ya turo rigar kamar ƙaramin doro, kuma wajen rawa ya sassauta. Wani ya yi dariya daga baya. Auta ta ji dariyar, ta koma gida ko abinci ba ta ci ba.

Ranar buɗe wasa, saura minti ashirin a ɗaga labulen ƙarfe huɗu na yamma, Darakta ya leƙo ɗakin sa kaya yana sharce gumi.

"Mama, don Allah ƙullin nan kada ya fito yau. Zaure ya cika maƙil."

"Darakta, ba a fafe gora ranar tafiya."

"Ke ce fa. Yi mana dabara."

Yana fita Auta ta ɗaga hannuwa sama. "Mama, ki ɗinke shi kawai a jikina. Ba ƙulli, ba matsala."

Mama Tela ta san wannan aikin, ta sha ɗinke amaren wasa a cikin rigunansu. Ta zaro allura ta zura zare mai ninki huɗu, ta fara daga ƙarƙashin hammata ta gangara.

"Ƙara ja, Mama."

"Ya isa haka."

"Bai isa ba. So kike a sake yi mini dariya?"

Ta ƙara ja. Ana cikin haka wani ya shigo wandonsa ya yage, wata takalminta ya tsinke, ana ta kiran Mama daga kowace kusurwa. Ta ƙarasa ɗinkin, ta cije zaren, ta manna wa Auta gashin baki, ta kifa mata hula. Da ta ja baya ta dube ta, sai ta ga wani saurayi siriri tsaye yana mata murmushi. Wallahi ita da ta haife ta sai da ta sake dubawa.

Wasa ya fara, ya yi daɗi. Da aka zo waƙar rawa, wata mai saurin kiɗa da kowane yaro a gari ya haddace, zauren ya ɗauka baki ɗaya. Auta tana tsalle tana buɗe baki, muryar ƙato tana fita, 'yan mata a layin gaba suna ihu suna fito. Fankokin rufi biyu ne kawai ke juyawa, fitilun dandamali kuwa zafi suke zubowa kamar bakin murhu.

Bayan rawar Auta ta shigo bayan labule na ɗan lokaci. Ta jingina da bango, bakinta a buɗe, kafaɗunta na hawa da sauka amma ƙirjin ko motsi. Leɓɓanta sun yi fari fat.

"Auta, lafiya?"

"Lafiya... lau, Mama."

A nan Mama Tela ta gane kuskurenta. Doka ce da ta koya tun tana 'yar koyo: in za ka ɗinke mutum a cikin tufa, sai ya cika ƙirjinsa da iska ya riƙe, in ka gama kuma ka zura yatsa biyu tsakanin zare da fata. In ba su shiga ba, ka warware. Yau ba ta zura ba. Kuma yanzu ta tuna sarai, lokacin da take ja, Auta ta fitar da numfashinta ne kaf don ƙirjin ya ƙara shafewa.

"Tsaya in duba..."

"Saurayi, shiga!" in ji Mai Labule, dattijon da ke kula da shiga da fitar 'yan wasa. Ya dafa kafaɗar Auta ya tura ta cikin haske.

"Malam, yarinyar nan ba ta numfashi daidai."

"Wa zai yi rawar nan ya yi numfashi daidai? Zauna, Tela. Yanzu ma kwanciya za ta yi, ta huta minti shida."

Ta zauna, amma zaman na dole ne. Tana kallo Auta ta faɗi maganarta ta ƙarshe, guntu-guntu, 'yan kallo suna zaton gwaninta ce. Sannan ta dafe ƙirji ta zube. Faɗuwar ba irin ta gwaji ba ce. A gwaji gwiwa take fara kaiwa ƙasa, sannan kafaɗa. Yau gaba ɗaya ta tafi, har katako ya amsa. Zauren ya yi tsit, wani ya ce "Kai!" don jin daɗi. Darakta daga ɗaya ɓangaren ya ɗaga babban yatsa.

Waƙar ta fara, muryar namiji a hankali. Doguwa, wadda ke fitowa a matsayin 'yar mai jirgi, ta durƙusa a kan gawa tana rusa kuka.

Akwai wani abu da ba wanda ya sani sai Mama Tela. In Auta ta kwanta a matsayin gawa, hannunta na hagu yana faɗuwa ne ta bayan jikinta, inda 'yan kallo ba sa gani, kuma da ƙaramin yatsanta take bin kiɗa tana ƙirga baiti don kada muryar mace ta shigo ta same ta ba shiri. Wata biyu ana gwaji, wata biyu Mama Tela tana kallon wannan yatsan daga kujerarta, yana ɗagawa yana sauka.

Yau yatsan a kwance yake.

Ta ƙura masa ido. Ta ce wa ranta wataƙila gajiya ce, wataƙila sai an shiga amshi. Aka shiga amshi, aka fita. Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba tun ranar da Auta tana jaririya ta shiɗe a hannunta da zazzaɓi.

Ta miƙe. Mai Labule ya tare ta da hannu.

"Ina zuwa?"

"Malam, ba wasa take ba. Ta suma."

"Haba Tela. Ke da kanki kin ce in ta yi gawa har ke kina tsorata."

"Yatsanta ba ya motsi!"

"Gawa ce fa, yaya za a yi yatsanta ya motsa?" Ya rage murya. "Kin san doka. Muddin kiɗa na tashi ba mai taka dandamali sai wanda wasa ya kira. Saura minti huɗu."

Minti huɗu. Ta duba can ƙarshen zaure inda Mai Sauti yake zaune da abin ji a kunne, yana kaɗa kai. Ta ɗaga masa hannu, bai gani ba. Ta kira Doguwa ƙasa-ƙasa, amma Doguwa ta yi nisa a kukanta, kiɗa kuma ya danne komai. Mutum ɗari uku ne suka zuba wa 'yarta ido, kuma ba wanda ya ga abin da ke faruwa da ita, don duk sun biya ne su ga mutuwar ƙarya.

Sai kuma wani tunanin ya zo mata. In fa lafiyarta ƙalau? In ta shiga ta ɓata mata ranar da ta yi wata biyu tana jira, a gaban duk garin? Auta ba za ta yafe mata ba. Ta dubi farin layin da aka ja a ƙasa, iyakar bayan labule. Bayansa haske ne da idanu. Ta tsaya a bakin layin.

Baiti na biyu ya fara. Ta sake duban yatsan. Farcen ya fara yin duhu.

Ba ta san lokacin da ta ture hannun Mai Labule ba. Haske ya buge ta a ido, ta ji zauren ya yi wani guun, ta ga kawuna jere cikin duhu ba iyaka. Ta tafi da silifas ɗinta da tsinken zare a jikin zani, ta durƙusa ta ture Doguwa gefe.

"Mama, me kike..."

"Riƙe mayafin nan, ki kare ta."

Ta yage rigar daga hammata. Ta kai bakin almakashi ƙarƙashin ƙyallen, ya ƙi shiga. Ko tsinin bai sami wuri ba, naman ya kumburo ta sama da ƙasa. Dole sai dai ta bi ɗinkin ɗaya bayan ɗaya. Ɗinkinta ne, wanda take alfahari da shi, ƙanana a jere, zare ninki huɗu, wanda ake cewa tufa ta mutu ta bar shi. Yau shi take tsinewa a ranta. Ta tsinke na farko, na biyu, na uku. Ta yanki yatsanta ba ta ji ba.

"Auta. Auta, ni ce. Ki yi haƙuri, ni ce na yi."

A na goma sha ɗaya ƙyallen ya yi ɓarat ya buɗe da kansa. Ba abin da ya faru. Ta ɗago kan yarinyar, hular ta faɗi, kitso ya zubo, gashin bakin ya ɓalle ya manne a hannun uwar. Ta jijjiga ta, ta kira sunan Allah da ƙarfi, ba ta damu da wanda ya ji ba.

Daidai nan muryar mace ta shigo cikin waƙar. Auta ta ja wani dogon numfashi mai ƙara, kamar wanda aka tsamo daga rijiya, ta sarƙe da tari.

Zauren ya ɓarke da tafi. Mutane suka miƙe tsaye. Wata mata a layin gaba tana share hawaye tana cewa, "Tsohuwar nan ta iya wasa!" Mama Tela ta rungume 'yarta a cikin mayafi, tana jin tafin kamar ana marinta. Sai a sannan Mai Labule ya gane, ya saki labule tun waƙa ba ta ƙare ba, abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa.

Likita ya ce haƙarƙari bai karye ba, amma da an ƙara 'yan mintoci da labarin ya sha bamban. Kwana huɗu sawun ƙyallen yana jikin Auta, ja wur, har ana iya ƙirga inda kowane zare ya zauna. Mama Tela ta ƙirga su kullum in tana shafa mata magani. Ta ce Auta ta gama wasa ke nan. Auta ta bar ta ta gama faɗa, sannan ta ce Asabar za ta koma.

Ranar Asabar Darakta ya shigo ɗakin sa kaya a sanyaye, ya gaida Mama har da russunawa. Ya ga an ɗaure ƙyallen da zarge a gaba, inda hannun mai shi zai kai, ja ɗaya ya warware. Ya yi ta kallon ɗan tudun da ya turo rigar.

"Mama, ba don komai ba... ƙullin zai fito."

"To ya fito."

"Za a gane mace ce."

"Mace ce, Darakta. Ni na haife ta."

Ta ce wa Auta ta cika ƙirji, ta zura yatsa biyu, ta zaro, ta sake zurawa.

Da aka zo wurin mutuwar ƙarya, Auta ta kai gwiwa, ta kai kafaɗa, hannun hagu ya faɗi ta baya. Muryar namiji ta fara. Ƙaramin yatsan ya ɗaga, ya sauka, ya ɗaga. Mama Tela ba ta zauna ba. Tana tsaye, almakashi a buɗe a hannunta, ƙafarta ɗaya ta riga ta haye farin layin tana cikin haske. Mai Labule ya dubi ƙafar, ya kau da kai.