Lotsewar da Mama Ta Bari

Yayana mai bugun jikin mota ne, irin waɗanda ake ce wa fanel-bita, amma idan kana so ya amsa maka da fara'a sai ka kira shi Injiniya. Ba wata makaranta ce ta ba shi sunan ba. Shi ya raɗa wa kansa, ya sa aka rubuta a allon garejinsa da jan fenti, har da hoton guduma a gefe. Ban ce bai iya aiki ba. Ya iya, kuma iyawar ce ta ja mana.

A tsakar gidanmu akwai wata 'yar ƙaramar tsohuwar motar Baba da muke kira Kunkuru, saboda ƙirarta da kuma irin saurinta. Shekara goma sha tara tana zaune a kan bulo huɗu kusa da ƙofar gida. Tsatsa ta cinye ƙasanta, har idan ka leƙa ta taga za ka ga ciyawa ta fito daidai inda direba ke ajiye ƙafa. Kaji sun yi kwanci a kujerar baya, kaka da jika. Masu sayen tsohon ƙarfe sun yi zarya har sun gaji, Baba ya ce ba ta sayarwa ba ce.

A madigadin baya na hagu, wato ƙarfen da ya lulluɓe taya, akwai wata lotsewa mai faɗin tafin hannu. Mama ce ta yi ta. Sau ɗaya tak ta taɓa riƙe sitiyari a rayuwarta, lokacin ina 'yar shekara bakwai. Baba ya ce ta sa giyar farko, ta sa ribas, mota ta yi baya ta daki ginshiƙin ƙofar gida. Ta fito tana dariya har da riƙe ciki, ta rantse ginshiƙin ne ya taso mata. Baba bai taɓa kai wa a gyara ba.

Shekara shida ke nan da rasuwar Mama, kuma tun daga lokacin idon Baba yake ja da baya, har ya zama inuwa kawai yake gani. Kowace safiya idan zai fita ya zauna a bencinsa na ƙofar gida, jikin Kunkuru yake bi da hannu. In ya iso lotsewar sai ya tsaya, ya kwantar da tafinsa a ciki na ɗan lokaci, sannan ya wuce. Ni da nake zaune da shi a gidan nakan yi kamar shara ta ɗauke mini hankali.

Wata Asabar Yaya ya zo da waya a hannu, ya nuna mana hotunan tsofaffin motocin da wasu suka gyara suka koma sababbi. Ya nuna wa Baba ma, mutumin da ba ya gane fuskata sai na yi magana.

"Baba, abin kunya ne a ce ɗanka Injiniya ne, motarka kuma kaji ke haya a ciki. Ka ba ni ita wata biyu. In na gama, sai an tsayar da kai a hanya ana tambaya."

Na ɗauka Baba zai ƙi. Sai ya ce, "Ka ɗauka. Ka yanka inda za ka yanka, ka liƙa inda za ka liƙa. Abu ɗaya ne, lotsewar nan ta baya kada ka taɓa mini ita."

"Haba Baba, ai wannan ce ma mafi sauƙi. Minti goma…"

"Na san tana da sauƙi. Cewa na yi ka bar ta."

Yaya ya ce ya ji. Da na raka shi waje na maimaita masa da dalilin, dalla-dalla, kamar ina karanta wa ɗalibaina dokar jarrabawa. Ya ce, "Auta, ni fa uwata ce kafin ta zama taki." Gaskiya ne, shekara tara ya ba ni, don haka na ja bakina.

Wata biyun Injiniya ya zama wata biyar. Nakan biya ta garejin idan na taso daga makaranta, saboda Baba kullum da yamma sai ya tambaye ni labarin Kunkuru kamar mara lafiyar da aka kwantar a asibiti. Garejin rumfar kwano ce a layin masu gyara, tsakanin mai fenti da mai gyaran wayar mota, ƙasa baƙa ƙirin da tsohon mai, ƙaurin walda yana shiga har cikin haƙori. Nan na ga an tuɓe Kunkuru tas. Yaya ya yanke ruɓaɓɓen ƙasanta ya jefar, ya auna da kwali, ya yanko sabon fallen ƙarfe ya lanƙwasa shi a kan guntun ƙarfen titin jirgi da yake amfani da shi a matsayin maƙera. Ƙasan ƙofofin da suka zama kamar rariya ya ƙera musu sababbi da hannu. Idan ya yi walda ya goge, ko da farce ka bi ba za ka gane inda tsoho ya ƙare sabo ya fara ba. Na tsaya ina kallonsa wata rana, gumi na ɗiga daga haɓarsa, na ji ina alfahari da shi. Ban gaya masa ba, don kansa ya riga ya cika hularsa.

Daga gyara kuma sai aka shiga ƙawa. Ya fafe rufin ya yi taga a sama, wai don Baba ya riƙa kallon gajimare. Ya ƙera bamba da bututun ƙarfe mai kauri, wanda ko shanu za a tare da shi ya isa. Ya sa wa motar salansa biyu, wato bututun hayaƙi, alhali injinta ko ɗaya da ƙyar yake cikawa. Duk na ƙyale shi. Idona a kan madigadin hagu yake, kuma lotsewar tana nan, ya zagaye ta da alli kamar filin da ake shari'a a kai.

Amma na lura ba ya iya wucewa ta gefen ba tare da ya kalle ta ba. Yakan tsaya guduma a hannu, yana taunar leɓe. Mai fenti kuwa, wani siririn mutum da bakinsa ba ya hutawa, ya samu abin yi.

"Injiniya, wannan ramin fa? Ko na shan ruwan kaji ne ka bar musu?"

"Mai mota ne ya ce a bari."

"To. Ni dai in na fesa fenti, ramin zai fi ko'ina ƙyalli. In an tambaya garejin wa ta fito, ba sunana ne a allo ba."

Na ce wa mai fentin ya ji da bindigar fentinsa. Ya yi dariya, Yaya bai yi ba.

Ranar Laraba, saura kwana uku a kawo mota, na shiga garejin na tarar da Kunkuru an shafe ta da farar ƙasa ta share fagen fenti. Na zagaya baya. Madigadin hagu sumul yake, tamkar na dama. Na shafa, na sake shafawa, ko idona ne.

"Yaya, ina lotsewar take?"

Bai juyo ba, yana ta goge wata sifana da ba ta da datti. "Tsatsa ce ta shiga ta ƙarƙashi. Dole in taɓa."

"Ka dube ni ka faɗa."

Sai ya ajiye sifanar. "Sau biyu kawai na buga ta ciki, don in ga ko ƙarfen yana da rai. Sai ta taso. To rabi ya taso, in bar rabi? Auta, shekara ashirin da biyu ina wannan aikin, hannuna bai san yadda ake barin lotsewa ba."

Raina ya ɓaci. Na ce masa minti goman da ya yi alkawari ai ya cika shi, Allah ya ƙara basira. Na ce ya zo da kansa ya gaya wa Baba, don ba da bakina za a ci wannan albasar ba.

Bai zo ya faɗa ba. Injiniya ai ba ya rasa dabara. Ya ce abin da guduma ta cire, guduma za ta mayar. Ya binciko hoton da ya ɗauka ranar da aka jawo motar, ya ƙara girmansa a waya, ya auna faɗi da zurfi. Ya samo tsohon madigadi a bola ya yi gwaji har sau huɗu, ya ƙera wani guntun katako mai kusurwa irin ta ginshiƙi. Duk layin suka taru suna kallon fanel-bitan da ke lotsa mota da gangan, mai fenti yana ba da shawara kyauta. Daga ƙarshe ya ɗora katakon a madigadin Kunkuru ya buga sau uku. Lotsewa ta fito, faɗin tafin hannu, daidai wurin. Na kalli hoton na kalli ƙarfen, ban ga bambanci ba. Na yarda zan yi shiru, kuma wannan laifina ne, ba zan ɗora wa kowa ba.

Ranar Asabar da hantsi Kunkuru ta shigo layinmu da ƙafarta, shuɗiya shar, salansa biyu suna tari. Maƙwabta suka fito. Yaya ya ajiye ta daidai inda bulo huɗun nan suke a da, ya fito yana karɓar gaisuwa kamar wanda ya dawo daga yaƙi.

Baba ya fito daga ɗaki da sandarsa. Wata biyar yana ratsa tsakar gidan nan hannunsa na laluben iska. Ya kai hannu ya samu bonet, ya shafa. Ya bi ƙofa, ya ƙwanƙwasa ƙasanta da ɗan yatsa, ya ji ƙarfe ya amsa.

"Ka yi aiki," ya ce. "Allah ya yi albarka."

Yaya ya ce amin da ƙarfi. Baba ya ci gaba da bin jikin motar har ya iso baya. Ya kwantar da tafinsa a cikin lotsewar. Ya ɗaga, ya juya hannun, ya sake kwantarwa. Babban yatsansa ya yi ta neman wani abu a gefen sama, wani ɗan tudu ko ƙaramin kaifi da hoto bai ɗauka ba, mu kuma ba mu taɓa sanin yana nan ba. Ya daɗe yana nema.

Sannan ya janye hannun ya goge a rigarsa.

"Wannan aikin gwani ne," ya ce a hankali. "Mahaifiyarku kuwa ba gwana ba ce."

Maƙwabta suka fara tuna suna da abin yi a gida. Yaya ya buɗe baki zai kawo zancen tsatsa, na ga ya haɗiye. Ni kuwa kunya ta rufe ni, na ji tausayin tsohon nan, don na san da ni aka haɗa baki aka yi wa makaho wayo.

Baba bai yi faɗa ba. Da ma ya yi, da mun samu sauƙi. Ya saki motar ya taka zuwa ƙofar gida, sanda na gaba. Da ya iso ginshiƙin sai ya tsaya, ya jingine sandar, ya sunkuya da ƙyar yana bin kusurwar da hannu. Daidai tsayin gwiwa akwai inda siminti ya ɓalle, ɗan guntu, wanda na wuce sau dubu ban taɓa tambayar dalilinsa ba. Ya sa yatsunsa a ciki. Na ga kafaɗarsa ta sauka.

Yaya ya matso bayansa yana kallon ɓallewar, kansa a karkace, ido ɗaya a kanne, irin kallon da yake yi wa mota in an kawo masa. Ko bai faɗa ba na san ya riga ya auna simintin da zai isa.

Baba bai juyo ba. Ya ce, "Injiniya."

Bai taɓa kiransa da wannan sunan ba.

"Na'am, Baba."

"Wannan kuma in hannunka ya yi ƙaiƙayi, ka jira in mutu."

Yaya ya zura hannayensa biyu a aljihu. Baba ya ɗauki sandarsa ya fita ya zauna a bencinsa.