Motar da Za Ta Kai Isaac Gida

A-kori-kurar Baba Ɗanladi ta girmi yawancin matasan da ke tuƙa keke mai ƙafa uku a unguwar Kakuri ta Kaduna. Fijo ce fara, ko dai a ce a da fara ce, don yanzu ta koma launin kunun gyaɗa. Ƙofar direba sai an ɗan ɗaga ta kafin ta rufu. Inji dai lafiya lau, kullum da safe yana tayar da shi ya saurara, kuma ba don dako yake ajiye da motar ba.

Zamanin da masaƙar Kakuri ke aiki, su goma sha wani abu ne a sashen rini, dukkansu baƙi a garin. Wasu daga Filato kamar shi, wasu daga Binuwai da Nasarawa, wasu daga kudancin Kaduna. Wata rana suka raka gawar wani abokin aikinsu tasha, suka tsaya suna kallo direbobi na cinikin ɗaukarta kamar buhun masara. A nan suka yi wa juna alkawari. Ɗanladi ke da mota. Duk shekara in takardunta sun kusa ƙarewa, sai a taru a tsakar gidansa, matarsa Blessing ta dafa gwate, a zagaya da hula kowa ya jefa abin da ya samu, a sabunta lasisi da inshora. Ita kuma mota, duk wanda ya riga tafiya ita za ta kai shi garinsu. Da ƙa'ida ɗaya: kafin a kama hanya sai an bi da mamacin ta ƙofar masaƙa, a tsaya, a danna ham, ya yi sallama da wurin da ya cinye masa ƙuruciya.

Masaƙa ta rufe, ciyawa ta cinye harabarta, amma alkawarin bai mutu ba. Masu alkawarin ne suka yi ta mutuwa. Ɗanladi ya kai wani Gboko, ya kai wani Akwanga, ya kai wani Kagoro, waɗanda suka rage suna zaune a baya kusa da akwatin suna waƙoƙin coci har muryoyinsu su dushe. Ya kai gawar Blessing har Pankshin da hannunsa. Bara tsakanin mutum biyu kawai hular ta zagaya, shi da Isaac. Bana ko ciro ta bai yi ba, don Isaac na kwance a asibiti da ciwon ƙoda, likitoci kuma sun fara yi wa iyalinsa magana ƙasa-ƙasa.

Ranar da ya je duba shi, Isaac ko gaisuwa bai bari an gama ba.

"Ɗanladi, takardun motar nan fa?"

"Kai dai ka ji da jikinka."

"Na ji da shi. Shi ya sa nake tambaya."

Ɗanladi ya ce lasisi ya sabunta da ɗan abin da ɗansa Stephen ya turo daga Fatakwal, inshora ce ta rage. Isaac ya lumshe ido ya ce, "To, ka hanzarta, mutumina. Ba na so a ajiye ni a rana a bakin hanya ana gardama a kaina. A raye ma ban iya jira ba."

Washegari Ɗanladi ya nufi gindin dalbejiyar da ke kusa da ofishin lasisi, inda wani Emma ya daɗe yana yi musu inshora cikin sauƙi. Emma ya share masa benci, ya saurare shi, sai ya shiga sosa ƙeya.

"Baba, in cikin gari ne, yanzu-yanzu zan buga maka, no wahala. Amma doguwar hanya, ban ce ba. Yanzu jami'an hanya ba takarda suke karantawa ba, a waya suke duba lambar mota. In ba ta fito ba, motar nan ta kwana."

"Wato duk shekarun nan me kake ba mu?"

"Takarda mana, Baba. Ai ba a taɓa tsare ku ba."

Ɗanladi ya tashi ya tafi. Abin ya ci masa rai, amma babu wanda zai kai wa ƙara, duk waɗanda aka cuta tare da shi suna ƙarƙashin ƙasa, in ban da Isaac da ke kwance.

Ya ƙetara gada ya shiga gari, wani ofishin inshora mai sanyi kamar cikin firij. Wani saurayi mai suna Mustapha, da laktaye har wuya, ya karɓe shi da ladabi, ya ce akwai inshorar da ke ɗauke da komai, gobara da sata da haɗari. Ya tambayi darajar motar. Ɗanladi ya nuna masa ita ta taga. Mustapha ya leƙa, ya daɗe yana leƙawa, sannan ya dawo ya faɗi farashi cikin tausasa murya kamar mai ta'aziyya. Ɗanladi ya yi godiya ya fito. Ɓarawon da zai saci motar nan ai sai dai a yi masa addu'a, ita kuwa gobara ko ta zo ba za ta samu abin ci da yawa ba.

Ya koma gida ya zauna a kan dakali. Gidan ya yi masa faɗi tun rasuwar Blessing, amma ranar ya fi jin faɗin. Ya kira Stephen, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ya san yaron na wurin aiki, bai yi fushi ba, sai dai ya so a ce akwai wanda zai ce masa ko da "to, yanzu ya za a yi?" Kaɗaici ya danne shi har ya kasa cin tuwon da maƙwabciya ta aiko.

Bayan sujadar Lahadi ne wata 'yar ƙungiyar mawaƙan coci mai suna Vicky ta ji yana ba dattawa labari. Tana da shagon POS a Sabon Tasha, kuma ashe wakiliyar wani kamfanin inshora ce. Ta ce ya zo Litinin. Ya same ta tsakanin mai sayar da doya da mai gyaran waya, ƙarar janareta ta cika layin.

"Baba, akwai ƙaramar inshora, kuma ta gaske ce, za ta fito a wayarsu. Amma ka gane fa, ba taka ba ce. In ka bugi wani, shi za a biya. Kai da motarka ba ku ciki."

"Yarinya, ni dama ban taɓa yin ta don kaina ba."

Ƙaramar ma ta fi ƙarfin aljihunsa. Da yamma ya ɗora ƙaramin janaretansa a bayan mota ya kai wa wani mai aski a Mahuta da ya daɗe yana nema. Wa zai kunna wa wuta? Talabijin ɗin ma Blessing ce mai kallo. Vicky ta buga masa takardar, ta sa lambar motar a wayarta ta nuna masa sunansa ya fito. Ya sa ta sake nuna masa.

Kai tsaye ya wuce asibiti. Isaac ya riƙe takardar, bai iya karantawa ba, ya dai shafa ta ya ce, "Madalla. Ka bi a hankali a ramukan Kachia." Kafin makon ya ƙare ya rasu.

Ɗanladi ya wanke motar ciki da waje, ya shimfiɗa sabuwar tabarma a baya, ya je gidan makoki. Babbar 'yar Isaac, Jemimah, ma'aikaciyar jinya a Abuja, ita ke riƙe da shirye-shirye. Ta durƙusa ta gaishe shi, idonta a kumbure. Da ya ce mota a shirye take, sai ta dubi ƙannenta, suka sunkuyar da kai.

"Baba, don Allah kada ka ji wani iri. Mun riga mun ɗauki motar gawa, mai sanyi a ciki. Hanya da nisa, ga damina. Kuma dangi za su ce mun jefa Daddy a bayan a-kori-kura kamar ba shi da 'ya'ya."

"Shi ya ce in kai shi."

"Na sani, Baba, ya gaya mini. Amma ka duba mu ma."

Ya dube su. Ba mugunta a fuskar yarinyar, gajiya ce da son a ce sun yi wa ubansu abin kirki. Da wa zai yi gardama, kuma wa zai tsaya masa shaida? Ya ce to. Jemimah ta ji nauyinsa, ta ce akwai kujerun haya da rumfuna da ba su samu motar ɗauka ba, ko zai taimaka. Ya ce zai taimaka.

Ranar tafiya aka loda masa kujerun roba har suka zarce rufin mota, aka ɗaure da igiya. A ƙofar ɗakin ajiye gawa na asibiti ya roƙi direban motar gawar ya bi ta Kakuri. Direban ya dubi agogo ya ce ba ya cikin abin da aka biya shi. Ɗanladi ya ce wa Jemimah su yi gaba, zai same su a Kujama. A duk tafiyar da ya taɓa yi, a Kujama ake tsayawa a jira na baya, a sayi ruwa, a sake ɗaure igiya. Bai zo masa a rai ba cewa a cikin motocin nan babu wanda ya san haka sai wanda ke kwance a akwati.

Ɗanladi ya tsaya shi kaɗai a ƙofar masaƙa. Ƙarfen ƙofar ya yi tsatsa, wata mata na soya ƙosai a inda maigadi ke zama a da. Ya danna ham, ya daɗe bai ɗaga hannu ba. Matar ta ɗago ta harare shi, ta ce in kujeru ya kawo ba nan ne wurin biki ba.

A Kujama bai tarar da kowa ba. Ya taka motar iyakar ƙarfinta, kujeru na kaɗawa a baya. Gaba kaɗan ya iske shingen jami'an hanya, aka ɗaga masa hannu. Ya tambaya ko motar gawa ta wuce, aka ce tun ɗazu, da jiniyarta, ita ai ba a tsayar da ita. Wani jami'i ya karɓi takardunsa ya sa lambar a waya. Netwok ya ƙi. Ya ɗaga wayar sama, ya matsa gindin bishiya, ya hau kan tudu, Ɗanladi na tsaye yana kallon hadari na haɗuwa ta gabas. Can jami'in ya dawo yana murmushi.

"Baba, ka yi ƙoƙari. Tun safe kai ne na farko mai irin motar nan da tasa ta fito. Allah ya kiyaye hanya."

Ruwa ya tare shi kafin Kachia, ramuka suka cika, dole ya bi a hankali. Da ya isa ƙauyen su Isaac a bayan Zonkwa, mutane na dawowa daga wurin binne shi da laka a takalmansu. Fasto ya ga hadari ya ce a yi a gama, an yi sujadar a tsaye. Samari suka yi caa a kan motar suna sauke kujeru, wani na cewa ai ga mai kujerun sai yanzu.

Jemimah ta zo ta kama hannunsa. "Baba, mun jira ka, wallahi mun jira."

"Na sani, 'yata. Ina yake?"

Ta nuna masa. Ya taka shi kaɗai zuwa bayan gidan, inda jar ƙasa ta yi tudu a gefen gonar citta, furannin roba sun jiƙe a kanta. Ya cire hularsa ya tsaya. Baƙin ciki ya cika masa ƙirji, da kunyar mutumin da ya yi alkawari ya zo a makare.

"Isaac, na iso," ya ce. "Na bi ta masaƙa na yi maka sallama. Takardar ma ta fito a wayarsu."

Ya ɗan jira, kamar yadda ya saba jiran Isaac ya ƙulla masa wata tsiyar. Daga cikin gida wani ya ɗaga murya yana tambaya ko mai a-kori-kura zai kwana, don gobe da safe za a mayar da kujerun Kaduna.