Ranar da Za a Sauke Mata Famfo

A garin nan inji ba ya shan mai, ba ya cin wuta, numfashin mutum yake ci. Duk sabon ƙarfen da aka kawo, na niƙa ne ko keken ɗinki ko motar haya, sai an kira mai ɗauri ya sa wani ya hura masa iska ta wani ɗan mazurarin tagulla da ke gefensa. Daga ranar injin ya zama nasa, shi ma ya zama na injin. In ya ja numfashi a hankali ƙarfe ya tafi a hankali, in ya yi fushi ƙarfe ya ɗau zafi, in barci mai nauyi ya kwashe shi ƙarfe ya tsaya cak. Teloli ba su da damuwa, su rufe shago su je su yi minsharinsu son rai. Wahalar tana kan masu riƙe da abin da ba a so ya tsaya.

Inna ce ke riƙe da famfon da ke tura wa unguwarsu ruwa. Tun tana amarya ta karɓe shi, ga shi yanzu kanta ya yi fari fat. A tsawon shekarun nan ba ta taɓa miƙe ƙafa ta yi barcin kirki ba, sai dai gyangyaɗi a kan wata kujerar katako da ta lotsa daidai zamanta. Da ta ɗan lula, sai ta ji an buga ƙofa, wata na cewa ruwa ya ɗauke tana tsakiyar wanki. Nisa ma ba ta yi, don da ta wuce ƙarshen layin injin zai fara tari. Biki da mutuwa duk saƙo take aikawa, har dangi suka gaji suka daina gaya mata.

Ta gaji. Ba irin gajiyar da ake sha wa magani ba, irin wadda ta shige ƙashi ta yi gida. Abin da take so a duniya bai taka kara ya karya ba: ta kwanta a ƙasa, ta juya wa duniya baya, ta farka lokacin da idonta ya ga dama.

Autarta ce ta ce za ta karɓa. Yarinyar a ɗakin famfon ta girma, ga ƙirji mai kyau, ga haƙuri, kuma mijinta bai hana ba. Inna ta yi ta ja da baya don ta san abin da za ta ɗora wa 'yar cikinta, amma gajiya ta fi tausayi ƙarfi, ta amsa. Ta ji kunyar yadda ta ji daɗi.

Ranar da aka sa, da hantsi, mai ɗauri ya iso yana jan ƙafa. Tsoho ne mai ƙorafi, tun safe yana yawon ɗaura wa mutane ƙananan injuna, muryarsa duk ta dushe. Ya sake maimaita musu ƙa'idar da kowa ya sani. Inna za ta hura numfashinta na sallama a mazurari, ta toshe hanci da baki. Injin zai mutu ya huce. Numfashin da ya fara ji bayan nan, shi zai kama, saboda haka kada wani mai rai ya kasance a ɗakin sai su biyu. Ya sa aka kori kyanwar da ke kwana bayan tanki, aka toshe taga da tsummoki, aka zazzage buhunan da ke lungu ko da ɓera. Har wata tattabara da ta yi sheƙa a saman bututu sai da aka tashe ta. Shi kansa a waje zai tsaya, ya riƙa ba da umarni ta bayan ƙofa.

Auta ta iso a makare, tana haki, da ɗanta goye a baya ta lulluɓe shi da mayafi. Maƙwabciyar da za ta bar wa shi ta fita. Mai ɗauri yana can yana faɗa da masu jarkoki da suka taru, bai ko kalle ta ba. Inna kuwa ta ga yaron sarai. Har ta ja ɗan yatsan ƙafarsa da ya leƙo, ta ce ga angon nata nan, kullum barci, ko cefane ba ya bayarwa. To amma a ɗakin nan ta goyi 'ya'yanta duka, ɗaya bayan ɗaya, tana aiki suna barci a bayanta. A wurinta goyo a ɗakin famfo kamar zani ne a jiki, ba abin da ake ƙirgawa ba ne.

Aka ja ƙofa aka rufe.

"Ku biyu ne a ciki?" in ji mai ɗauri daga waje.

"Mu biyu ne," in ji Inna.

Ta durƙusa gaban mazurarin, gwiwoyinta na ƙara. Tagullar ta sha hannu har ta yi santsi. Ta zaci za ta ji wani abu, ko kewa ko ƙwalla, amma ba ta ji komai ba sai ɗoki. Ta hura, ta danne hanci da baki da gefen zaninta, ta matsa gefe.

Bugun injin ya fara ja baya. Belin ya yi laushi, babbar ƙafar ƙarfen ta juya, ta sake juyawa da ƙyar, ta tsaya. Wani nauyi da ta manta tana ɗauke da shi ya sauka daga ƙirjin Inna, har jiri ya ɗebe ta. Ɗakin ya yi tsit. Auta ta cika ƙirjinta da iska tun kafin injin ya mutu, ta riƙe, ta sunkuya tana jiran mai ɗauri ya buga ƙofa alamar ƙarfe ya huce.

Shirun ne ya tayar da ɗan goyon. Yaron da tun yana ciki bugun famfo yake ji, bai taɓa sanin duniya tana iya yin shiru haka ba. Ya motsa, ya buɗe baki, ya callara kuka.

Injin ya kama. Ba irin tafiyarsa ta kullum ba, wani gudu ne gajere-gajere, mai rawa, kamar hakin ɗan tsako. Bututu suka hau karkarwa. Kukan yaron kuwa nan take ya sirance, ya koma shessheƙa, don abin da ke tura ruwa gida-gida ba ƙirjin jariri ne zai ciyar da shi ba. Auta ta kwanto shi a gigice. Leɓɓansa sun fara canza launi.

Mai ɗauri ya banko ƙofa. Kallo ɗaya ya yi ya gane, bai ko tsaya zagin kowa ba. Auta ta roƙe shi ya kashe injin, ya ce wanda inji ya kama ne kaɗai ke iya sallamarsa, jariri kuwa bai san sallama ba. Ta ce to ita ta hura, ya ce injin bai san ta ba, ba zai saki sabon kamu don baƙuwa ba. Sai ya juyo wajen Inna, ya yi ƙasa da murya. Ya ce ƙarfen bai gama manta ta ba, in ta kira shi yanzu zai dawo.

"Amma kin san sauran," ya ce. "Injin da aka sallama aka sake kira ba ya karɓar sallama ta biyu. Sai dai ranar da numfashin ya ƙare."

Ta sani. Kowa a sana'ar ya sani. Kuma maganar gaskiya, sai da ta tsaya. Ba ta daɗe ba, amma ta tsaya, tana jin yadda iska ke shiga ƙirjinta a sake, tata ita kaɗai, ba mai jira ya karɓe rabi. Ashe haka sauran mutane suke numfashi. Ta ja ɗaya mai tsawo don ta san daɗinsa, sannan ta rarrafa ta kafa baki a mazurarin.

Injin ya yi wata 'yar gardama, ya yi tari, sai ya faɗa tafiyar da ya saba, mai nauyi, a hankali. Nauyin ya dawo ya zauna inda ya tashi. Yaron ya ja iska ya saki kuka mai ƙarfi, irin wanda uwa ke jin daɗin ji. Auta ta zube a ƙasa rungume da shi, tana kuka tana cewa laifinta ne, ita ta kawo shi. Inna ta ce ta yi mata shiru haka nan, ita da ta ja masa ƙafa da hannunta fa? Ta ce ta tashi ta kai shi gida ta ba shi nono, kuma ta bi ta ƙofar baya, kada mutane su tsare ta da tambaya. Ba ta da ƙarfin lallashin kowa.

Mai ɗauri ya tattara tsummokinsa. Ya fita.

A waje ruwa ya dawo. Ana jin jarkoki na cika, mata na rigimar layi, wani na cewa ai sabon hannu ya fi na da ƙarfi. Can sai matar mai shagon kusa ta leƙo da bokiti a hannu, fuskarta cike da fara'a. Ba ta san abin da ya faru ba, ta ga dai Inna zaune a ƙasa ta jingina da bango.

"Inna, barka da hutawa. Yau kam sai barci har da minshari."

Inna ta ɗago ta dube ta. Bayanin yana da tsawo, kuma numfashin da za ta yi shi da shi ba nata ba ne.

"Yauwa," ta ce. "Ja mini ƙofar."