Ritayar Dela

"Ritaya? Wa ya ɗauke ki aiki, balle ki yi ritaya?"

Malam Ashiru ke nan, tsaye a tsakar gida da buta a hannu, hula ta karkace don fushi. Matarsa Dela kuwa tana kan tabarma, ta miƙe ƙafafu tana ƙunshin lalle da hantsi, sai ka ce amarya. Murhu babu wuta, kaskon suyar ƙuli-ƙuli yana kife a gindin rumbu.

"Kai ka ɗauke ni mana, Malam, ranar da aka kawo ni daga Gwiwa. Kai da kake tuƙi a zaune an ce ka gaji ka huta. To ni da nake matsar gyaɗa a durƙushe fa?"

Jiya ne dai aka yi wa Malam walimar ajiye aiki a ofishin da yake tuƙa wa mota, aka ba shi agogon bango da addu'a mai tsawo. Fansho kuwa sai takardu sun gama zagayensu. Shi bai damu ba, ya riga ya gama shirinsa tsaf: kujera a inuwar darbejiyar ƙofar gida, rediyo a cinya, man gyaɗar Dela da ƙulinta su riƙe tukunya har kuɗi su fito. Abu ɗaya ya manta, bai tambayi mai ƙulin ba.

Ita kuwa Dela hannayenta sun gaji. Da sanyin asuba yatsunta ba sa lanƙwasuwa sai ta gasa su a wuta. Ta kuma san in Malam ya ɗana kujerar nan mako guda, shi ke nan, ita da kasko sai kabari. Mutumin da komai nasa "sai na yi ritaya" ne. Rufin ɗaki yana yoyo, sai na yi ritaya. Ƙyauren zaure ƙusa ɗaya ke riƙe da shi tun yayen autarsu, sai na yi ritaya.

"To me za mu ci?" in ji shi.

"Agogon bango."

Dariya ta ƙwace wa wata a bayan katanga. Fatu ce, maƙwabciya, wadda shanya ba ta taɓa kama ta sai ana faɗa a gidan Malam.

"Fatu, shigo ki ji da kyau, kada wuyanki ya ƙage," in ji Dela.

"A'a Yaya, nan ma ina ji sarai. Ina kwana, Malam? An huta lafiya?"

Malam ya yi ƙwafa. Sai Dela ta gyara zama ta kwance masa ƙunshin zance. Duk kaka, in gyaɗa ta yi albarka, takan sayi tunkiya ta kai wa ƙanenta Jalaluddeen a Gwiwa, ya haɗa da garkensa. Bana gab da Babbar Sallah ta sa ya sayar da ragunan da tumakin suka haifa, aka sayo injin niƙa a Kazaure, aka ajiye a zauren Fatu. Sirri ne, don haka duk garinsu na Roni an sani, ban da Malam.

"Inji yana nan, mai tayar da shi kawai ake nema. Ka ga ka samu aiki, ni na samu hutu."

"Ni? Ni da na tuƙa manyan mutane har Kano da Dutse, in koma mai niƙa? Gari a gemu, yara suna ce mini Baba a niƙa da laushi? Allah ya kiyaye!"

Dela ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ɗebo lalle ta shafa a dunduniya.

"Shi ke nan, na fahimta. Da ma Fatu ta faɗa mini inji irin wannan sai yaran zamani, tsohon hannu ba ya iya masa. Fatu, ce wa Muhammad Auwal mai acaɓa ya tayar, a raba riba da shi."

Ba a jima ba sai ga ƙara daga zauren Fatu. Injin ya yi tari, ya shaƙe, ya mutu. Aka sake murzawa, ya yi gurnani kamar bunsuru mai mura, baƙin hayaƙi ya tsallako katanga. Dela tana kallon Malam ta wutsiyar ido. Kunnensa ya miƙe, leɓensa yana motsi. A karo na uku ya dire buta.

"Wane sakarai ne ke shaƙe inji haka? Iska ce a bututun mai, ko kurma ya ji! Kai! Kai yaro, sake shi kafin ka kashe shi!"

"Bar shi mana, Malam, kai da kake hutu. Ga kujerarka can."

"Ba don ke zan je ba! Tausayin injin nake ji. Kuma in na dawo in tarar da tuwo!"

"Sai an niƙo gari, ranka ya daɗe."

Malam Ashiru ya naɗe hannun riga, ya fice fuu, ya maka ƙyauren zaure da ƙarfi har ƙusar nan guda ɗaya ta yi tsalle, ƙyauren ya bi bayansa ya kife a ƙasa, rim!