Yatsan Malamin Aji Biyu

Kafinta ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin, kwamfutar hannun Malam tana ƙarƙashin hammatarsa a nannaɗe cikin tsumman goge katako. Ya yi sallama da muryar da yake yi wa masu sayen kujera, mai laushin da ya wuce kima.

"Shigo mana, Kafinta," in ji ƙanwar Malam daga gefen gado. "Har ta cika?"

"Ta cika tun ɗazu. Ya mai jiki?"

"Ga shi nan dai. Tun asuba bai buɗe ido ba."

Malam maƙwabcinsa ne, katanga ɗaya ta raba su shekara goma sha ɗaya. Shi ke koyar da aji biyu a firamaren unguwa, kuma tun da matarsa ta rasu yake zaune shi kaɗai. Kwana shida da suka wuce ya yanke jiki ya faɗi a gaban allo. Asibiti suka riƙe shi kwana huɗu, sannan suka ce a koma da shi gida ya huta, kowa kuma ya gane irin hutun da ake nufi. Jiya ƙanwarsa, wadda ta zo jinya, ta kai wa Kafinta kwamfutar a shago don a sa mata caji, tunda shi ke da sola a layin.

Gaskiyar magana, Kafinta ba dubiya ya zo ba. Yatsan Malam ya zo nema.

Abin ya faro ne mako uku baya. Da la'asar yana zaune a tsakar gida yana cire sartse daga tafin hannunsa, Auta, 'yarsa mai shekara takwas, tana gabansa tana wanke kwanuka, bakinta a rufe ruf. Sai ya ji muryarta daga bayan katanga. Ya dubi yarinyar, ya dubi katangar. Muryar Auta ce, babu ko tantama, da in'inar nan tata mai cije kalma ta ƙi saki. Guntun magana ɗaya ake ta maimaitawa, a tsayar, a koma baya, a sake. Ya ƙirga har sau ashirin da biyu.

"Ke, me Malam yake yi da muryarki?"

Auta ta buɗe baki, kalmar farko ta maƙale, idonta ya cika da ƙwalla. Uwarta ta leƙo daga kicin ta ce aikin makaranta ne, duk 'yan ajin ana ɗaukar muryarsu.

"Aikin makaranta a makaranta yake ƙarewa," in ji shi. "Babban mutum, shi kaɗai a ɗaki, da muryar 'yar mutane? Daga gobe ba za ta ƙara zuwa makarantar ba."

Haka kuwa aka yi. Matarsa ta yi magiya, ta yi fushi, ta daina kai masa abinci shago, ya ce yunwa ba za ta kashe shi ba. Sau biyu Malam yana zuwa shagon da kwamfutar a hannu, sau biyun Kafinta yana kunna injin yankan katako, ya bar mutumin tsaye yana motsa baki cikin ƙara har ya gaji ya tafi. Shi dai ya riga ya yanke hukunci, abin da ya rage masa shaida ce kawai.

Jiya da kwamfutar ta faɗo hannunsa, ko caji bai sa mata ba sai da ya kai ta wurin mai gyaran waya na bakin titi. Wannan ya juya ta, ya latsa, ya girgiza kai.

"Sai da yatsan mai ita. In ya tafi da yatsansa, sai dai a wanke ta tas, komai ya bi ruwa." Sannan ya rage murya, don shi ma yana son a san ya san duniya. "Ka ga yanzu, muryar mutum in aka samu, ana iya sa ta ta faɗi abin da bai taɓa faɗa ba."

Da wannan maganar Kafinta ya kwana, da ita ya tashi. In Malam ya mutu abin nan a rufe, shi ke nan, zai ƙare rayuwarsa yana kallon 'yarsa bai san abin da aka yi da ita ba.

Yanzu ga shi a ɗakin. Idonsa ya zaga ko'ina yana neman laifi. Gado ne na ƙarfe, da tebur wanda shi da kansa ya yi shekara tara da suka wuce, ƙafa ɗaya an tokare ta da kwali. A kan teburin akwai kwalaben magani, da abin sawa a kunne da aka ɗaure wayarsa da salatif, da tarin littattafan yara. A bango an manna zanen gidaje masu karkatattun ƙofofi. Babu abin da ya yi kama da laifi, wannan kuma ya ƙara masa zargi, don mai laifi ne ke gyara ɗaki.

"Tunda ka zo, ɗan zauna da shi in ɗora ruwan zafi," in ji ƙanwar. "Tun jiya ban sa komai a cikina ba."

"Je ki, ba komai. Ai an zama ɗaya."

Ya saurari takunta har ta shiga kicin. Ya warware tsumman, ya durƙusa a gefen gado, ya kamo hannun daman Malam. Hannun ba nauyi, sai ka ce busasshen reshe. Ya ɗora babban yatsan a kan maɓallin. Kwamfutar ta yi ɗan motsi, ta ƙi. Ya sake, ta ƙi. 

"Ba wannan ba," in ji wata murya can ƙasa. "Na hagu."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da Kafinta ya gode mata. Idon Malam a buɗe yake, ya yi ja, amma yana gani sarai.

"Malam, dama ni... cajin nake so in duba."

"Yatsan ya bushe. Ɗan shafa masa ruwa."

Kafinta ya tsoma yatsansa a kofin da ke kan tebur, ya shafa wa babban yatsan hagun Malam, ya ɗora. Gilashin ya yi haske. Kunya ta kama shi, amma ba ta kai ta sa shi ajiye abin ba. Ya riga ya yi nisa.

"Akwai ɗan akwati mai ruwan ɗorawa," in ji Malam, yana hutawa tsakanin kalmomi. "Taɓa shi. Sauka ƙasa. Na goma sha bakwai. Guda biyu ne. Fara da na sama."

Akwatunan da ke ciki talatin da huɗu ne, kowanne da hoton fuskar yaro ko yarinya. Ga Auta nan, ta ɗaure fuska kamar mai jiran allura. Ya taɓa na saman. Muryarta ta cika ɗakin, tana kokawa da harafin farko, ta ja numfashi, ta sake, wani yaro ya yi dariya daga baya, muryar Malam ta ce a yi shiru. A ƙasa an rubuta minti huɗu da rabi. Kafinta bai iya jure ko minti ɗaya ba, ya tsayar.

"Na ƙasan."

Ya taɓa. Hoton wata kujera da aka zana da kala ya fito, murya ta biyo.

"Babana kafinta ne. Yana yi wa mutane kujeru masu kyau. Kujerar gidanmu ƙafarta uku. Mama ta ce tun kafin a haife ni yake cewa gobe zai gyara."

Sumul, babu tuntuɓe ko ɗaya. Kafinta ya sa yatsa ya tsayar da ita. Maganar mai gyaran waya ta dawo masa sabuwa fil.

"Wannan ai ƙarya ce, Malam. 'Yata ba haka take magana ba. Me ka sa mata a baki?"

"Ban sa komai ba. Cirewa na yi." Malam ya lumshe ido, ya buɗe. "Duk inda ta tsaya jira, na yanke. Kalma kalma. Sai na saurara sau da yawa kafin in gane inda zan yanka."

"Don me?"

"Ba ta taɓa jin kanta ta kai ƙarshen magana ba. Kowa ƙarasa mata yake yi. Ranar da ta ji layin farko da na gyara, ta karanta layi biyu a gaban aji da bakinta. Sau ɗaya ta tsaya."

Kafinta ya nemi inda zai kama zancen ya murɗe, bai samu ba. Duk da haka sai da ya lalubo wani abu, don mutumin da ya yi mako uku yana ɗauke da zargi ba ya ajiye shi lokaci guda.

"To me ya hana a yi a makaranta? Sai a ɗaki?"

"Yara talatin da huɗu ne, Kafinta. Kwamfutar ɗaya ce. Ni ma ɗaya ne."

"Ita kuma me ya hana ta faɗa mini?"

Malam ya dube shi, gefen bakinsa ya ɗan motsa. "Ka jira ta?"

Ƙanwar ta shigo da kofin shayi, ta ga idon yayanta a buɗe, ta kusa sakin kofin. "Yaya! Sannu, Yaya. Ka sha ruwa?"

Ya girgiza kai. Hankalinsa yana kan kwamfutar. "Kar ku bari ta rufe. In an bar ta minti ɗaya ba a taɓa ba, rufewa take. Aikin yaran duk yana ciki, ban kwashe ba. Kira Malamar aji uku."

"Faɗa mini yadda ake cire makullin mana," in ji Kafinta.

"Akwai lambobi." Leɓen Malam ya yi ta motsi. "Sun ɓace mini."

Ƙanwar ta kira Malamar a waya, ta sa yadda kowa zai ji. Hayaniyar yara ta fara zuwa kafin muryarta. Ta ce azuzuwa biyu ne a hannunta tun da Malam ya kwanta, yara saba'in, ba ta da wanda za ta bar wa su sai an tashi ƙarfe biyu. Ta ce in ta zo za ta kwashe komai zuwa wayarta, amma don Allah kar a bari gilashin ya yi duhu.

Ƙarfe goma sha ɗaya da kwata ne a lokacin. Kafinta ya zauna a ƙasa, ya jingina da ƙafar teburin, ya ɗora kwamfutar a cinya. Duk sanda hasken ya fara dushewa sai ya taɓa kusurwar gilashin. Yatsansa ya sha samfefa da guduma har ya yi kanta, wani lokacin sai ya taɓa sau biyu kafin ta ji. Yana son ya ce wa Malam wani abu. Ya shirya maganar a ransa, ya rushe, ya sake shiryawa, yana jiran ƙanwar ta ƙara fita don kar ya faɗa a gabanta. Ba ta fita ba. Malam kuma ya koma barci, numfashinsa yana fita da wata ƙara a maƙogwaro, sai ya yi nisa kafin wani ya biyo.

Wajen ƙarfe ɗaya da 'yan mintoci, wani bai biyo ba.

Ƙanwar ta kira shi sau uku, sannan ta dafa ƙirjinsa ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Kafinta ya amsa. Baƙin ciki ya rufe shi, da nadama wadda ba ta da sauran wurin zuwa. Ya dubi hannun hagun da ke kwance a kan bargo. Hasken kwamfutar da ke cinyarsa ya fara dushewa, ya yi sauri ya taɓa.

Kafin minti goma gidan ya fara cika. Mata suka shigo da mayafai, maza suka tsaya a ƙofar gida suna magana ƙasa ƙasa. Wani dattijo ya leƙo ya ce, "Kafinta, kai ne na kusa. Ajiye wannan abin ka zo ka kama mana."

"Ina zuwa, Baba."

Ya fita da kwamfutar a tafin hannu kamar mai ɗauke da kwanon da ya cika da ruwa. A bakin ƙofar gidansa ya tarar da Auta a tsaye, hannunta duk kumfar sabulu, tana kallon mutanen da ke shiga gidan Malam. Ta ga abin da ke hannun ubanta, ta ja da baya.

"Goge hannunki. Zauna nan."

Ta goge a jikin riga, ta zauna a kan dakali. Ya ɗora mata a cinya.

"In kin ga ya fara duhu, ki taɓa nan. Kar ki tashi sai Malamar aji uku ta zo. In ta zo kuma, ki ce mata gobe kina hanyar makaranta."

Auta ta ɗaga kai ta dube shi. "Ma... Ma... Ma..."

"Ya rasu," in ji shi, tun ba ta kai ba. Ya ji abin da ya yi, ya cije leɓe, amma maganar ta riga ta fita.

Dattijon ya sake kiransa. Ya tafi. Daga ƙofar gidan Malam ya waiwayo. Tana zaune a inuwar katanga, ƙafafunta ba su kai ƙasa ba, ta sunkuyar da kai. Hawaye ya ɗiga a kan gilashin, ta sa gefen hannun riga ta share a hankali, sannan ta ɗaga yatsa ɗaya ta riƙe shi a sama tana jira.